AI mara shan wuta: ga masu tambayata ta ina ake shiga wannan layin

Duk yaron da ya gama digirin kwamfuta ko injiniyan lantarki a garin nan cikin 'yan shekarun nan, ko daga BUK ya fito ko daga Wudil, in ka ce masa me za ka yi mastas a kai sai ya ce AI. To madalla. Amma ka ɗan matsa masa ka ce wane ɓangare, amsar kusan ɗaya ce, ko manhajar hira da Hausa ko gano cuta a hoton asibiti. Ba laifi, ana buƙatarsu. Ni dai abin da nake ta faman nuna wa masu zuwa wajena shi ne akwai wani lungu da mutanenmu ba su cika leƙawa ba, alhali a waje kuɗi ake zubawa a kansa kamar ba gobe, wato yadda za a sa na'urar ta yi duk wannan wayon ba tare da ta zuƙe wutar duniya ba.

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a 2024 manyan gidajen ajiye data sun sha wutar da ta kai terawat-awa 415, kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya kaf, kuma suna hasashen zai kai wajen 945 nan da 2030. Mu nan babban layin wutar Najeriya yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000, ko da ka yi mana adalci ka ce 5,000 ɗin ce dare da rana ba faɗuwa ba komai, a shekara ba ta wuce terawat-awa 44 ba. Ka ga kenan sun ninka mu sau tara har da ɗoriya. Kati ɗaya na Nvidia H100, irin wanda ake horar da manyan AI da shi, yana iya jan wat 700, kuma dubbai ake jerawa a gini ɗaya, ga wutar sanyaya su daban. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa da wajen wat 20 take aiki. Allah mai iko. Wannan tazarar da ke tsakani ita ce gonar da masu binciken suke nomawa.

Da can ba a damu da wannan sosai ba saboda akwai wata garaɓasa. Wani injiniyan IBM, Robert Dennard, shi da abokan aikinsa sun nuna a 1974 cewa in ka ƙanƙanta transisto, wato ɗan mitsitsin makunnin lantarki da ake jerawa a cikin cip, wutar da yake ci ma tana raguwa daidai gwargwado, don haka duk sabon yayin da ya fito sai ka samu ƙarin gudu ba tare da ƙarin zafi ba. An ci wannan bagas ɗin har wajajen 2005, daga nan abin ya tsaya, don transiston sun yi ƙanƙantar da wuta take yoyo ta jikinsu ko a kashe suke, kuma ba a iya ƙara rage boltej yadda ake yi a da. Shi ya sa in kun lura gudun kwamfuta ya daɗe yana kai-kawo tsakanin gigahaz 3 da 5, sai dai a yi ta ƙara yawan kawunan da ke ciki, wato injinan lissafin da ke cikin cip ɗaya. Tun daga lokacin duk wanda yake son ƙarin aiki a wuta ɗaya dole ya yi dabara a zanen cip ɗin kansa.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. A 2014 Farfesa Mark Horowitz na jami'ar Stanford ya gabatar da wasu alƙaluma da har yau ake yawo da su a lakca, na cip ɗin da aka ƙera da fasahar nanomita 45. Tara lamba biyu masu bit 32 yana cin wajen fikojul 0.1, shi fikojul ɗan mitsitsin ma'aunin wutar da aka sha ne. Ninka lambobi masu ɗigo, su ma bit 32, wajen 3.7. Amma ɗauko lamba ɗaya tal daga babbar memorin da ke wajen cip ɗin, wadda ake kira DRAM, yana cin ɗaruruwa, wajen 640 ake yawan kawowa. Wato lissafin kansa araha ne, dakon kayan shi ne tsada. Kamar mai shayi ne a ce duk kofin da zai haɗa sai ya hau adaidaita ya je Singa ya sayo cokali ɗaya na sukari ya dawo, ai ba sukarin ne zai karya shi ba, kuɗin mota ne, mai hankali gwangwani yake cikawa ya ajiye a kan teburi. Mafi yawan abin da ake kira ƙirƙira a wannan fage, in ka kware masa baya, dabarar ajiye lambobi ce kusa da inda za a yi lissafin a yi ta amfani da su kafin a sake fita. Cip ɗin Eyeriss da Vivienne Sze da Joel Emer da ɗalibinsu Yu-Hsin Chen suka fitar a MIT a 2016 a kan wannan aka gina shi. Cip ɗin AI na farko na Google mai suna TPU, da suka fara amfani da shi a 2015, shi ma haka, ƙananan injinan ninkawa 65,536 aka jera layi 256 sau 256, lamba tana shiga ta wannan ta miƙa wa na kusa da ita ba sai an koma memori ba.

Sai ɓangaren rage wa shi AI ɗin ƙiba. Song Han, lokacin yana ɗalibin digiri na uku a Stanford, ya nuna za a iya yanke jijiyoyin da ba sa wani aiki, a kuma rage yawan bit ɗin da ake rubuta kowace lamba da shi, har ya mayar da AlexNet, wani AI mai gane hotuna, daga megabayit 240 zuwa 6.9 kuma bai rasa iya ganewarsa ba. Aikin ya fito a taron ICLR na 2016. Ko saukowa daga bit 32 zuwa 8 kaɗai yana mayar da girman zuwa kwata, ninkawar kuma ta sauko daga 3.7 ɗin nan zuwa wajen 0.2. Yau Song Han farfesa ne a MIT, kuma darasinsa a kan wannan yana nan a YouTube kyauta, data kawai za ka saya. Ku lura fa, ɗalibi ne lokacin da ya yi wannan, ba wani kamfani ba.

Akwai kuma masu juya abin, maimakon a ƙera cip don AI, sai a sa AI ta taya zana cip ɗin. A 2021 Azalia Mirhoseini da Anna Goldie da abokansu a Google suka buga a mujallar Nature cewa sun koya wa na'ura tsara inda kowane ɓangare zai zauna a kan cip cikin awanni, aikin da mutane kan yi makonni ko watanni a kai. Duniya ta ɗauka. Amma sai wasu manya a fagen, ciki har da Farfesa Andrew Kahng na jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, suka gwada maimaitawa suka ce su ba su ga ya fi tsofaffin hanyoyi ba, su Google ɗin suka mayar da martani cewa ba a bi yadda suka yi ba, aka yi ta cacar baki ta takardu. Ni wannan rigimar tana burge ni, kuma ina so duk mai sha'awar shiga ya karanta ɓangarorin biyu, saboda a nan za ka gane fagen nan ba a cin sa da surutu, kowa zai ce maka da me ka auna, a kan wane cip, da wa ka gwada.

Kuma maganar awo ce ta sa nake ganin yaran Kano ba baƙi ba ne a nan. Ka shiga Farm Centre ka tsaya a bayan mai gyaran waya na gaske, ba mai canza sikirin kawai ba. Za a kawo masa wayar da ta mutu murus, ya ɓalle ta ya cire batir, ya maƙala wayoyi biyu daga akwatin ba da wuta da ke kan teburinsa, ya saita boltej kusan 4, idonsa na kan lambar da ke nuna abin da allon yake ja. In tun bai danna komai ba lambar ta yi tsalle, ya san akwai inda wuta ta haɗe. Sai ya ƙona ɗan ƙaro da bakin ƙarfen liƙi hayaƙin ya lulluɓe allon ya yi fari fat, ya sake ba da wuta, inda farin ya fara narkewa to nan ne ɓarawon, wani ɗan kafasito da bai kai ƙwayar gero ba, ya tsince shi da hantsaki ya yar, waya ta tashi. Na taɓa ce wa ɗayansu, Malam ka san wannan abin da kake yi akwai masu cin digiri da shi? Ya yi dariya ya ce to Yallaɓai a kawo min nawa. Ban yi masa ƙarya ba, bambancin kawai shi mai bincike zai rubuta lambar, ya maimaita sau da yawa, ya canza abu ɗaya ya sake aunawa.

To me za a iya yi a nan gida? Kada in yaudare ku, ƙera cip na zamani ba a Kano ba, ba a Legas ba, kusan duk na ƙarshen zamani daga TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu suke fitowa, kuma injin da ake zana su da shi kamfani ɗaya ne a duniya yake yinsa, ASML na ƙasar Holan. Ko manyan farfesoshin Amurka zanen suke aikawa a buga musu. Amma duk abin da ke ƙasa da wannan a buɗe yake. Ɗan allon ESP32 da ake samu a shagunan kayan lantarki memorinsa kilobayit 520 ce kacal, to ka sa masa AI da zai gane kalmomin Hausa guda goma, kunna, kashe, ƙara, rage, da sauransu, ka haɗa masa ɗan sensa mai auna wuta irin INA219, ka faɗa mana kowace ganewa nawa take ci a bit 32, nawa a bit 8, kuma a ina ne ya fara kuskure. Tarin muryoyin da aka fi gwada irin wannan da su, wanda Google ya fitar a 2017, na Turanci ne, ita kuwa Hausa tana da karin sauti da dogon wasali da gajere, ba lallai abin da ya yi aiki can ya yi a nan ba, kuma akwai muryoyin Hausa a Common Voice na Mozilla da za a fara da su. Sannan ga zafi. Yoyon wutar transisto yana ƙaruwa da zafi, batir ma zafi yana kashe shi, yawancin gwaje-gwaje kuma a ɗaki mai sanyi ake yinsu, mu kuwa a watan Afrilu rana ta kan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe a gonar rani a Kadawa. Wanda ya auna wannan da kyau ya rubuta da kyau wallahi yana da abin nunawa, ya fi wanda ya kwafo firojet daga intanet ya canza suna.

Zanen cip ɗin ma yanzu ba sai da lasisin miliyoyi ba. RISC-V, tsarin umarnin cip da aka faro a jami'ar Berkeley a 2010, kowa yana iya gina nasa a kai ba ya biyan kowa. A 2020 Google da kamfanin ƙera cip na SkyWater suka saki bayanan fasahar SkyWater ta nanomita 130 kyauta, ga manhajojin zanen cip, ga Yosys, ga OpenROAD, ga Verilator, duk a laftof suke aiki. Akwai ma Tiny Tapeout da Matt Venn ya assasa, inda mutane da yawa suke raba fili a cip ɗaya kowa ya biya ɗan nasa, a buga a aiko maka da abin da ka zana da hannunka. Dala ce dai, kuma mun san yadda dala take, amma sashe guda a jami'a zai iya ɗaukar nauyin ɗalibai biyu ko uku in an ga dama. Cibiyar ICTP da ke Tiriyaste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, ita ma tana da shiri tare da mutanen Harvard na koyar da wannan ƙaramin AI ɗin a jami'o'in ƙasashe masu tasowa.

Inda yara suke guduwa shi ne tushe. Kowa yana son Python, ba mai son C, balle Verilog, yaren da ake zana cip da shi. To wannan layin ƙafa biyu gare shi, dole ka san lissafin matiris da yadda ake horar da AI, dole kuma ka san lojik get da yadda memori take jere da abin da ke faruwa a kowane bugun agogon cip. Ɗan kwamfuta yakan zo da ta farko babu ta biyu, ɗan lantarki ya zo da ta biyu babu ta farko, kuma a jami'o'inmu sassan biyu sai su shekara ba su zauna a teburi ɗaya ba. Kwas ɗin tsarin ginin kwamfuta da kuke haddacewa daren jarrabawa ku zubar da safe, shi ne jarin. Ɓangaren AI ɗin kuwa alhamdu lillahi an samu masu taimakawa a Arewa, irin su Arewa Data Science Academy da HausaNLP, sai Deep Learning Indaba da aka fara a Johannasbag a 2017 wanda yake tara masu binciken Afirka duk shekara, a irin nan ake haɗuwa da wanda zai rubuta maka takardar shaida.

Hanyar ita kanta doguwa ce. Digiri na uku a Amurka shekara biyar zuwa shida ne, amma a wannan fagen ba kai kake biya ba, su suke ba ka alawus kana taya farfesa bincike ko koyarwa. A Holan da Suwidin ma'aikaci ake ɗaukarka da albashi, ana tallata gurbin kamar kowane aiki, na Holan shekara huɗu. Beljiyam akwai cibiyar imec a Luban da Farfesa Marian Verhelst a jami'ar garin, Siwizalan akwai Luca Benini a ETH da ke Zurik wanda zanen ƙungiyarsa mai suna PULP a buɗe yake kowa ya sauke ya karanta. Wanda iyayensa ba za su sake shi ya tafi Turai ba, musamman 'yan'uwa mata, akwai KAUST a Saudiyya kusa da Jidda da MBZUAI a Abu Dabi, duka suna ɗaukar nauyin ɗaliban da suka ɗauka, kuma na ga iyaye da dama da jin Saudiyya hankalinsu yake kwanciya. Ku dai lura sunayen mata nawa na ambata a sama, ba don cike layi na sa su ba, su ne a gaba a fagen. Malaman jami'a da suka saba dogara da TETFund kuma su sani hukumar ta sanar da dakatar da tura mutane karatu waje daga Janairun 2025, don haka neman gurbi mai alawus kai tsaye ya zama dole.

Akwai wani abu da ba a gaya wa mutum sai ya dawo. A wannan fage manyan ayyuka a taro ake buga su, ISCA, MICRO, HPCA, DAC, ISSCC, MLSys, takarda ɗaya a irin waɗannan tana iya cin shekara da rabi ana aiki kuma yawancin waɗanda aka aika ƙin karɓa ake yi. Amma a yawancin jami'o'inmu tsarin ƙarin girma mujalla ya fi ba wa maki, takardar taro ana mata kallon ƙaramar aba, sai ka ga wanda ya sha wahalar gaske wani ya tsere masa da takardu goma da aka biya kuɗi aka buga a mujallun da ba mai karantawa. Wannan yana cikin abin da yake hana wasu dawowa, ba albashi kaɗai ba. Ga kuma kamfanoni suna zawarci, don wanda ya gama digiri na uku a nan Nvidia da Arm da Qualcomm da ire-irensu nemansa suke, kuma abin da suke biya ya fi na jami'a nesa ba kusa ba, ko a can. Ni ba na zagin wanda ya tafi kamfani, kowa da nauyin da ke kansa. Wasu ma biyun suke haɗawa, kamar Farfesa Kunle Olukotun na Stanford, ɗan asalin Najeriya, wanda tun shekarun 1990 yake cewa a zuba kawuna da yawa a cip ɗaya lokacin da kowa gudu yake bi, kamfanin Sun ya sayi kamfaninsa Afara a 2002, a 2017 kuma ya shiga cikin waɗanda suka kafa SambaNova mai ƙera cip na AI, kuma har yau yana da ɗalibai.

Wani abokina da muke musu da shi kullum cewa yake duk wannan wahalar banza ce, in an rage wa abu shan wuta mutane ƙara yawan amfani da shi suke yi, jimillar ta ƙaru. Yana da gaskiyarsa, wani masanin tattalin arziki a Ingila, William Stanley Jevons, ya faɗi haka a kan kwal tun 1865. Amma ni ba ceton duniya ne a gabana ba. Tunda aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowa ya koma lissafin fanel da batir, kuma a wajen wanda ke kan sola bambancin na'ura mai cin wat 5 da mai cin rabin wat shi ne bambancin ta kwana tana aiki ko ta mutu kafin sallar isha. Asibitin ƙauye da ba sabis, AI ɗin da yake zaune a Amurka ba abin da zai tsinana masa, sai wanda ya shiga cikin 'yar na'urar da ke hannun ma'aikaciyar.

Masu cewa sun tura wa farfesoshi hamsin imel ba wanda ya amsa, in na ce su nuna min sai in ga takarda ɗaya ce suka watsa wa kowa, ta fara da gaisuwa layi biyar da tarihin makarantar firamare. Su can ba haka suke so ba. Ka zaɓi mutum uku ko huɗu, ka karanta aikin kowannensu na shekara biyun nan, ka sauke kod ɗin manhajar da suka saki a shafin GitHub ka gwada a naka ɗan allon, sannan ka rubuta gajeren saƙo, na gwada abu kaza naku a kan na'ura kaza, ga abin da na samu, a wuri kaza lambata ta saɓa da taku kuma ina zaton dalilin kaza ne, ga mahaɗin aikin. Jami'o'in Amurka yawanci a Disamba suke rufe karɓar takardu, na Turai kuma duk sanda farfesa ya samu kuɗin firojet yake tallatawa, don haka sai kana leƙa shafin ƙungiyar tasa akai-akai. Takardar sakamakonka kuma ka fara nemanta tun yanzu, kafin ka gama rubuta saƙon.